Yadda Ake Auna Hannun Jarin Kamfanonin Fasaha Masu Tsada Kafin a Saya

Tun da manhajojin sayen hannun jarin Amurka suka shigo wayoyinmu, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu karatu, daga Agege da Idi-Araba har Mile 12 da Obalende: "Malam, Nvidia ya yi tsada, ko har yanzu ana iya shiga?" Nvidia kamfanin Amurka ne mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wani ya tambaya a kan Tesla, wani Apple, wani kuma MTN namu na gida.

Amsa iri biyu ake samu a majalisa. Akwai masu cewa duk hannun jarin da farashinsa ya ninka ribarsa sau arba'in ko hamsin a guje shi. Su ne masu auna ƙima, mabiya tafarkin Benjamin Graham da ɗalibinsa Warren Buffett. Akwai kuma masu cewa a bar zancen ribar yau, a dubi inda kamfani zai kai nan da shekara goma. Su ne masu bin bunƙasa. Kowane ɓangare ya azurta wasu, ya kuma talauta wasu. Ni abin da nake koya wa mutane shi ne su yi aiki da hanyoyin biyu a jere, sannan su lissafa irin bunƙasar da farashin yau yake nema daga kamfanin. Ga yadda ake yi.

1. Tace kuɗin, tace kamfanin

Kuɗin da za ka sa ya zama wanda ba za ka neme shi ba nan da shekara biyar. Ban da kuɗin haya, ban da kuɗin makarantar yara, ban da uwar kuɗin shago, ban da adashin da ke wuyanka. Hannun jarin fasaha kan faɗi da kashi 30 ko 50 cikin ɗari a shekara guda ko da kamfanin lafiyarsa lau. A 2022 ma'aunin Nasdaq, wanda ke bin farashin kasuwar Amurka da kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ya sauka da kusan kashi 33. Wanda ya sa kuɗin haya dole ya sayar a lokacin da farashi ya fi muni.

Sai batun halacci, wanda ga yawancinmu shi ne ƙofar farko. Ƙa'idar da AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta shimfiɗa, wadda manhajoji irin su Zoya da Musaffa ke aiki da ita, ta ce asalin sana'ar kamfani ta zama halal, bashin da yake biyan ruwa a kansa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, haka ma kuɗin da ya ajiye a inda ake ba shi ruwa, sannan abin da ya shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan kason ana fitar da shi sadaka daga abin da ka samu. A kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, da ke Customs Street a Marina akwai ma'aunin Lotus Islamic da ke jera kamfanonin gida da suka tsallake irin wannan tacewa.

Gargaɗi: sakamakon tacewa yana canzawa. Kamfanin da ya tsallake bara yana iya cin sabon bashi bana, ko farashinsa ya faɗi har kason bashin ya haura. A sake dubawa lokaci-lokaci, a kuma tuntuɓi malamin da ya san harkar.

2. Tara lambobi daga tushe

Kayan aikin ba su da tsada: waya mai data, kalkuleta, littafi da biro. Kowane kamfanin Amurka da ke kasuwa yana miƙa wa SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a can, rahoton shekara mai suna 10-K da na wata uku-uku mai suna 10-Q, kuma duk suna nan kyauta a shafin hukumar mai suna EDGAR da shafin kamfanin kansa. Na gida kuwa suna shafin NGX.

Rahoton yana da kauri, amma kada ya tsorata ka. Ka wuce kai tsaye zuwa teburori uku: na riba da asara, na dukiya da bashi, da na shige da ficen tsabar kuɗi. Ka ja layi a littafinka gida biyar, shekara biyar da suka wuce, ka cike waɗannan: jimillar ciniki, riba bayan haraji, ribar kowane hannun jari, tsabar kuɗin da sana'a ta kawo, abin da aka kashe a gine-gine da injuna, bashi, da yawan hannayen jarin da ke hannun jama'a.

Gargaɗi: farashin hannun jari guda ba ya nuna tsada ko araha. A watan Yunin 2024 Nvidia ya raba kowane hannun jari gida goma, farashi ya sauko daga wajen dala 1,200 zuwa wajen dala 120, kuma ko kwabo darajar kamfanin ba ta ragu ba. Har yau ina jin masu cewa wane kamfani "dala biyar ne kacal, ai araha ne". Ana auna farashi ne da riba.

3. Gwajin masu auna ƙima: me nake samu yau?

Raba farashi da ribar kowane hannun jari. Abin da ya fito shi ne lambar da manhaja ke rubuta wa P/E. A ce wani a Computer Village zai sayar maka da shagonsa, shagon yana kawo ribar naira miliyan ɗaya a shekara, ya ce ka biya miliyan hamsin. P/E ɗin shagon 50 ke nan. In ribar ba ta ƙaru ba, sai ka shekara hamsin kafin kuɗinka ya dawo, wato kashi 2 cikin ɗari kake samu a shekara. Ba ɗan kasuwar da zai yarda da wannan sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa cinikin shagon zai ninka ba da jimawa ba.

Kada ka tsaya a riba ta takarda. Ɗauki tsabar kuɗin da sana'a ta kawo, ka cire abin da aka kashe a gine-gine da injuna. Ragowar ita ce kuɗin da ya rage wa masu kamfani da gaske. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, domin Amazon da Microsoft da Alphabet (mai Google) da Meta (mai Facebook) sun kashe sama da dala biliyan 200 a haɗe a 2024 kan irin waɗannan gine-gine, mafi yawa cibiyoyin ajiye bayanai saboda ƙirƙirarriyar basira. Riba na iya yin kyau alhali tsabar kuɗi na tsiyayewa.

Akwai kuma layi ɗaya a teburin tsabar kuɗi da mutane ke tsallakewa: ladan da ake biyan ma'aikata da hannun jari maimakon kuɗi. Kamfanonin fasaha suna yin wannan sosai, kuma da yawansu kan cire shi daga "gyararriyar riba" da suke tallatawa. Albashi ne, daga aljihunka yake fita, domin duk sabon hannun jarin da aka buga yana rage kasonka. Shi ya sa na ce ka rubuta yawan hannayen jari na shekara biyar. In kana ganin yana ƙaruwa da kashi 3 ko 4 kowace shekara, ka rage wannan daga duk bunƙasar da ake faɗa maka.

Gargaɗi: araha ba ta ado. Duk wanda ya zauna Legas wajen 2011 ya san yadda BlackBerry ta cika gari, kafin nan kuma Nokia. Da hannayen jarinsu suka fara faɗuwa, lissafin P/E ya nuna sun yi araha, saboda ana raba sabon farashi da tsohuwar riba. Ribar ce ta bi farashin ƙasa. Intel ma ya daɗe yana kama da mai araha, sai ga shi a 2024 ya dakatar da biyan rabon riba, ya rufe shekarar da asara mai yawa. In ka ga P/E ƙarami a kamfanin fasaha, fara da tambayar me kasuwa ta hango. Wani lokacin tsoro ne kawai ya yi yawa: a Nuwamban 2022 hannun jarin Meta ya faɗi ƙasa da dala 90, P/E ɗinsa bai kai 10 ba, alhali mutane ba su daina buɗe Facebook da WhatsApp da Instagram ba, kuma a 2023 ya kusa ninkawa uku. Bambancin Meta da Nokia shi ne masu amfani da kayan Meta suna nan daram.

4. Gwajin masu bin bunƙasa: ina za shi?

Yanzu koma kan layin ciniki. Kashi nawa yake ƙaruwa a shekara, kuma ƙaruwar tana sauri ne ko tana lafawa? Kamfanin da ya yi 40, sannan 30, sannan 22 yana girma, amma yana rage gudu, kuma kasuwa ba ta yafe wa mai tsada rage gudu.

Dalilin da ya sa ba a raina wannan hanya shi ne abin da ya faru da Nvidia. A tsakiyar 2023 P/E ɗinsa ya haura 200, duk mai auna ƙima zalla ya kau da kai. Cinikinsa na shekarar da ta ƙare a Janairun 2023 kusan dala biliyan 27 ne, na shekara mai bi ya kai wajen biliyan 61, na gaba kuma wajen biliyan 130. Riba ta tashi daga biliyan 4 da ɗoriya zuwa kusan biliyan 73. Farashin da ya yi kama da hauka sai riba ta zo ta cim masa.

Amma ka yi wa bunƙasar tambayoyi. Daga ina take, mutane miliyoyi ne ke saye ko manyan kamfanoni ƙalilan? Rahoton 10-K yana bayyana duk mai sayen da ya kai kashi 10 na ciniki. Me zai hana wani ya kwaikwayi kayan ya karya farashi? Cinikin na kullum ne ko wani yanayi ne ya kawo shi? Zoom ya haura dala 500 a Oktoban 2020 lokacin kullen korona, da aka koma ofis ya zubar da sama da kashi 80 na darajarsa. Sannan, ciniki na ƙaruwa, to ribar fa, tana biye?

Wannan tambaya ta ƙarshe mu 'yan Legas muna da misalinta a ƙofar gida. Jumia ya fara a nan a 2012, ya shiga kasuwar New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.50. Cikin makonni ya haura 40, a Maris na 2020 ya faɗo ƙasa da 3, a Fabrairun 2021 ya haura 60, daga baya ya sake komawa ƙasa da 5. Duk tsawon wannan hawa da sauka kamfanin asara yake bayyanawa kowace shekara. Labari ne ke ɗaga farashin, labari ne ke sauke shi. Kamfanin da bai fara riba ba ba shi da P/E, sai dai a auna shi da ciniki, kuma shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar irin waɗannan tukuna.

Akwai gajeren awo da shahararren mai juya jari na Amurka Peter Lynch ya yaɗa, PEG: raba P/E da kason bunƙasar riba. P/E 30 da bunƙasa 30 ya ba da 1, ana ganin daidai ne. In ya haura 2 a yi hattara. Yana taimakawa wajen tankaɗe na farko, sai dai kason bunƙasar hasashe ne na manazarta, kuma sun saba yin kure.

5. Lissafin baya: me farashin yake nema?

A nan hanyoyin biyu suke haɗuwa, kuma in mataki ɗaya kaɗai za ka riƙe, riƙe wannan. Maimakon ka yi ta cankar makomar kamfani, sai ka fara daga farashin yau ka gano abin da dole ya faru kafin ka ci riba.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don koyarwa. Hannun jari dala 200 ne, ribarsa dala 4, P/E 50. Kana son kashi 10 cikin ɗari a shekara, da dala, har shekara goma.

Na farko, kashi 10 na shekara goma yana ninka kuɗi sau 2.6. Ke nan dole farashi ya kai wajen dala 520.

Na biyu, nan da shekara goma kamfanin ya manyanta, ba wanda zai ci gaba da biyan P/E 50. Sa 20, wanda ya fi kusa da abin da ake biya wa babban kamfani mai lafiya. Raba 520 da 20, ka samu dala 26. Ribar da ake buƙata ke nan.

Na uku, daga dala 4 zuwa 26 ninki shida da rabi ne, wato riba ta riƙa ƙaruwa da kusan kashi 21 kowace shekara, shekara goma a jere ba fashi.

Yanzu tambayar ta fito fili. Ka dubi littafinka: a shekara biyar da suka wuce ya yi haka? In ribarsa ta ninka shida da rabi, nawa cinikinsa zai zama, kuma akwai masu sayen da za su ɗauke wannan kaya a duniya? Ƙaramin kamfani na iya yi. Wanda darajarsa ta riga ta kai dala tiriliyan uku, ninki 2.6 na nufin ya kusa tiriliyan takwas.

Sai ka sake lissafin sau biyu. In ribar ta ƙaru da kashi 12 kawai, wanda ba abin kunya ba ne ga kowane kamfani, za ta kai dala 12.4, farashi ya zama kusan 248. Ka jira shekara goma a kan kashi 2 a shekara. In ta ƙaru da kashi 25, riba ta kai 37, farashi wajen 745, ka samu kashi 14 a shekara. Ka ajiye sakamakon uku a gabanka ka tambayi kanka wanne ya fi kusa da gaskiya. Ni ba na saye sai in sakamakon da ya fi rauni ma bai cinye mini uwar kuɗi ba. Wannan rata da ake bari saboda kuskure ita ce babbar koyarwar Graham, kuma mai bin bunƙasa ya fi kowa buƙatarta.

Gargaɗi: kamfani mai kyau na iya zama mummunan saye. A Maris na 2000 Cisco, mai ƙera na'urorin haɗa intanet, ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Hasashen cewa intanet za ta mamaye duniya ya tabbata, Cisco ya ci gaba da sayar da kaya yana cin riba, amma wanda ya saya a wajen dala 80 ya shafe sama da shekara ashirin bai ga farashinsa ba. Microsoft ma daga ƙarshen 1999 sai 2016 ya koma inda yake, duk da ribarsa ta ƙaru a tsakani. Shi kansa ma'aunin Nasdaq ya faɗi da kusan kashi 78 daga 2000 zuwa 2002, bai farfaɗo ba sai 2015.

Ka kuma sa ido kan kuɗin ruwa na babban bankin Amurka, ko da kai ba ka cin ruwa. Daga Maris na 2022 zuwa Yulin 2023 an ɗaga shi daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, kuma kamfanonin da ribarsu ke can nesa su suka fi shan kashi, domin mai kuɗi ya samu inda zai ajiye ba tare da dogon jira ba.

6. Cire abin da hanya ke ci

Daga naira zuwa hannun jari akwai masu tare hanya: bambancin farashin dala tsakanin manhaja da kasuwa, ladan dillali a saye da sayarwa, da kuɗin cirewa. Manhajoji irin su Bamboo da Trove kowace da jadawalinta, kuma yana canzawa, don haka ka buɗe ka karanta kafin ka tura kuɗi. A ce shiga ta ci kashi 2, fita ta ci kashi 2, to mai saye da sayarwa sau biyar a shekara ya ba da kashi 20 kafin ya ga riba. Rabon ribar kamfanonin Amurka kuwa ana cire masa harajin kashi 30 tun daga can, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ko da ka cike fom ɗin W-8BEN mai nuna kai ba mai biyan haraji na Amurka ba ne. Sabuwar dokar haraji ta gida da ta fara aiki a Janairun 2026 ta taɓa ribar sayar da kadara, don haka mai jari mai kauri ya zauna da akanta.

Gargaɗi: auna ribarka da dala. Wani ɗan canji a Broad Street ya nuna mini wayarsa cike da murna, ya ce, "Malam, duba, dubu saba'in da biyar na sa, ga shi ya zama dubu ɗari da biyar." Na ce, "Alhaji, juya shi zuwa dala mu gani." Hannun jarin dala 100 ya saya lokacin dala tana naira 750, hannun jarin ya sauko dala 70, dala kuma ta kai 1,500. Da takardar dalar ya riƙe a aljihu, dubu ɗari da hamsin yake da ita. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta rufe wa mutane da yawa asararsu. Tana kuma iya juyawa: a 2024 dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairu, ta sauko kusa da 1,100 a Afrilu. Kamfanin gida mai bashin dala ma abin na shafarsa, shi ya sa MTN Najeriya ya bayyana asara a 2023 da 2024 alhali cinikinsa na ƙaruwa.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi sunan manhajar ko dillalin a jerin masu rajista a shafin SEC ta Najeriya. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya kowane wata da sunan fasaha, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025.

7. Saya kashi-kashi

In kamfani ya tsallake matakan nan, raba kuɗin gida huɗu ko shida, ka riƙa saye wata-wata. Kada kamfani ɗaya mai tsada ya wuce kashi 10 na duk jarinka. Kasuwar New York tana buɗewa ƙarfe 2:30 na rana agogon Legas daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 3:30 a sauran watanni. Ka bar rabin sa'ar farko ta wuce saboda farashi na yawan tsalle, kuma ka yi amfani da odar da kai ke yanke farashin da ba za ka haura ba. Kada ka ci bashi don sayen hannun jari, ko daga manhaja ko daga ɗan'uwa.

8. Rubuta dalilin fita tun ranar shiga

A shafin da ka yi lissafin baya, rubuta kwanan wata, farashin da ka saya, da kason bunƙasar da farashin ke nema. A ƙarƙashi ka rubuta abin da zai sa ka sayar: bunƙasar riba ta gaza wannan kaso a rahoto uku ko huɗu a jere, bashi ya haura ƙa'idar Shari'a, babban mai saye ya janye, ko farashi ya yi gaba har sabon lissafi yana neman abin da ba zai yiwu ba. Faɗuwar farashi ita kaɗai ba ta cikin jerin.

Duk wata uku in 10-Q ko 10-K ya fito, ƙara gida ɗaya a littafin ka sake mataki na biyar da sabbin lambobi. Sau ɗaya a shekara, a watan da kake fitar da zakka, ka haɗa darajar hannayen jarin cikin lissafi bisa yadda malaminka ya nuna maka. Ka kuma sanar da wani amintacce a gida sunan manhajar da inda takardun suke saboda rabon gado, tare da sanin cewa Amurka na iya karɓar harajin gado a kan hannun jarin baƙo in darajarsa ta haura dala 60,000.